Saura Huɗu

Motar makaranta ta tsaya a bakin lungu,
ta kwashi 'ya'yan maƙwabta, farar safa da jakar goyo.
Walida ta leƙa ta zaure, ta dawo baki a zumɓure:
"Umma, ni yaushe?"
Na ce, "Ke taki tana nan tsakar gida.
Jawo tabarma, malamarki ta iso tun asuba."

Allonmu farantin silba ne, cikin kayan aurena.
Na barbaɗa garin masara, na baje da bayan hannu,
na ja sanda, na yi mata tumbi biyu: "Wannan Ba."
Ta ce, "A'a, Kawu Sagir ne ya ƙoshi da tuwo."
To, Kawu Sagir ɗin ne, zana mini shi.
Yatsa ya shiga gari, harshe ya leƙo waje,
tumbin sama ya tsaya, na ƙasa ya zube har gefe.
Sai ga Nafi'u da rarrafe, ya dafa da tafi biyu,
karatun safe kaf ya koma kan hancinsa.
Ba wanda ya yi kuka.
Girgiza ɗaya, allo ya dawo sabo.

Marafan lemo na roƙo a shagon Malam Tasi'u.
Ja daban, kore daban, ruwan ɗorawa daban,
kowa da gwangwaninsa.
Wani shuɗi ya rasa gida.
Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce baƙo ne,
ta shimfiɗa masa ƙyalle a inuwa.
Wannan kam ba ni na koya mata ba.

Da hantsi muka huda kwalin ashana,
tsinken tsintsiya, marafa uku,
ga adaidaita sahu ta hau titi.
Ta ɗauki tsakuwa biyu daga nan Yakasai,
za ta sauke su Kantin Kwari.
A gindin turmi ta tarar da cunkoso,
ta yi hon da baki har kaza ta kauce,
sannan ta tsare ni da maganar canji.

Bayan azahar sai gullisuwa.
Madarar gari kofi guda, sukari kaɗan,
ruwa cokali-cokali, kada kwaɓi ya saki.
Ita ke mulmulawa, ni ke da wuta.
Na ja layin gawayi tsakaninta da kasko,
ta tsaya a kansa cak, babban yatsa na satar hanya.
Nata ba su san zagaye ba,
wani kamar gyaɗa, wani kan ƙadangare,
mai dai ya karɓe su bai tambayi kowa ba.

Da suka huce na zuba biyar a murfin kwano.
"Ƙirga."
"Ɗaya, biyu, uku, biyar."
"Ina huɗu?"
"Ya tafi kasuwa."
Muka sake daga farko, huɗu ya dawo da ƙyar.
Na juya in raba Nafi'u da buta,
na waiwayo, kumatu ya cika fam.
"Yanzu nawa ne?"
Ta dubi murfi, ta dube ni, ta haɗiye.
"Saura huɗu."

Na yi shiru da ludayi a hannu.

Da magariba babansu ya shigo daga Sabon Gari,
ya taka murfin lemo, ya kusa zamewa,
ya ga gari a tabarma, gari a gashin ɗa.
"Yau kuma me aka yi a gidan nan?"
Na ce, "Ɓarna."
Walida ta miƙa masa murfin kwano, saura biyu,
ta ce sauran sun bi huɗu kasuwa.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za ta sa farar safa,
wata malama ta ce yarinyar nan da kai take.
Yanzu dai ta yi barci,
baƙon nan shuɗi dunƙule a tafinta,
ni kuma ina kaɗe allo,
don da garin zan tuƙa tuwon gobe.